Yaron Da Ya Yi Jinkirin Magana, A Fara Duba Kunnensa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da iyaye da hukumomin lafiya na jiharmu ta Zamfara. Na yi aikin lafiya a matakin farko har na yi ritaya, mafi yawansa a teburin awo da rigakafi, kuma abin da har yau yake ci mini rai shi ne yawan yaran da ba a gane ba sa ji sai sun kai shekara huɗu ko biyar, lokacin da ake shirin sa su makarantar allo.

Idan uwa ta nuna damuwa cewa ɗanta bai fara magana ba, amsa a shirye take. Kaka ta ce, "Ƙyale shi, ubanai ma haka yay yi." Wani ya ce nauyin baki ne irin na 'ya'ya maza. Wani ya ce a kira wanzami ya cire beli ko ya duba ƙasan harshe. Wata ta ce iska ce, a nemo hayaƙi. Kowa bakin yaron yake kallo, alhali magana ta kunne take shiga kafin ta fito ta baki.

Jariri yana jin sauti tun yana ciki, a watannin ƙarshe, kuma yana faɗowa duniya ya san muryar uwarsa. Wajen wata biyu yakan yi 'yan sautukan jin daɗi idan ana masa wasa. Tsakanin wata shida da tara sai gwaranci ya kankama, ya yi ta jera "ba-ba-ba" da "da-da-da". Kafin ya cika shekara ya san sunansa, yana waiwayowa idan an kira shi, yana nuna abu da yatsa yana kallon fuskar uwa ko ta gani. Kalmar farko takan zo wajen shekara ɗaya, Inna ko Baba, a shekara biyu kuwa ya fara haɗa biyu: "Inna zo", "ba ni". Gaskiya ne yara sun bambanta, wani ya riga wani da 'yan watanni. Amma yaron da ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko ya fara magana ta ɗauke, wannan ba na jira ba ne.

Ga inda iyaye suke ruɗuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Jaririn da ba ya ji shi ma yana kuka, yana dariya, yana 'yan sautukansa a watannin farko kamar kowa. Sai daga baya gwarancin ya ƙi zuwa, ko ya yi ta raguwa, a ce yaro ne mai haƙuri. Kuma Allah Ya ba irin waɗannan yara kaifin ido. Ki tafa hannu a bayansa, iskar ta taɓa ƙeyarsa ko ya ga inuwarki, ya waiwayo, ki ce ai yana ji. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai rabin ji. Yana jin ƙarar babur, yana jin kiran sallah a lasifika, amma kalmomi ba sa rarrabuwa a kunnensa. A aike shi ya kawo wani abu daban, a ce taurin kai ne, a kai masa duka a kan laifin da bai san ya yi ba.

Mu a nan muna da dalilin damuwa fiye da wasu. Annobar sanƙarau ta 2017 a Zamfara ta fara kuma a nan ta fi ɓarna. A ƙasa baki ɗaya an ƙirga fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,000 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga irin wannan sanƙarau yakan bar musu wata illa, kuma kurumta tana kan gaba. An yi murna yaro ya tashi, an koma gida, wa ya gwada jinsa kafin sallama? Ga ƙyanda da hangum. Ga shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, wadda ake zama da ita a ɗaki ana jiƙe-jiƙe. Ga kunne mai zubar mugunya da ake ɗura wa mai da ruwan ganye wata da watanni. Ga allurar gentamicin da wasu masu kemis suke yi wa jarirai ba awo ba ƙa'ida, alhali tana iya kashe jijiyar ji. Kada kuma a manta da gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara kusan 400. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma jinkirin magana yana cikin alamunta ga waɗanda suka rayu. Hukumar ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kare ta.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar lafiya a matakin farko shi ne a haɗa gwajin ji da rigakafi. Akwai 'yar na'urar hannu da ake sa bakinta a kunnen jariri yana barci, cikin 'yan mintuna ta nuna ko sai an ƙara bincike, ba zafi ba jini. A ƙasashen da ake haihuwa a asibiti, ana yin gwajin kafin jariri ya cika wata, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Mu mata da yawa a gida suke haihuwa, amma wasu suna kawo yaran allurar sati shida, da ta goma, da ta sha huɗu, da ta ƙyanda a wata tara. Nan ne za a same su. Ko kafin a sayo na'ura, ma'aikaciya tana iya tambayar uwa: yana firgita idan abu ya faɗi? Yana waiwayowa in kin kira shi ta baya? Ya fara gwaranci? A rubuta amsar a katinsa kamar yadda ake rubuta nauyi. Duk yaron da ya warke daga sanƙarau kuwa a tura shi gwajin ji ba tare da jinkiri ba.

Idan an tabbatar yaro ba ya ji, kada a ɗauka an rufe masa ƙofa. Wasu na'urar sawa a kunne tana taimaka musu matuƙa idan an fara da wuri. Wanda ba ta yi masa amfani ba, maganar hannu harshe ne cikakke, kuma kurame a ƙasar Hausa suna da tasu tun da daɗewa. A kai yaro cikinsu tun yana ƙarami, uwa da 'yan'uwa su koya tare da shi, domin shekarun farko ne ƙwaƙwalwa take kama harshe, na baki ne ko na hannu.

Ga 'yan'uwana mata: idan zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ce a ba ki takardar zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Ki tambaya a manyan asibitocin Gusau, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Maigida kuma ya taimaka da izini da kuɗin mota.

Wassalam,
Tsohuwar ma'aikaciyar lafiya,
Talata Mafara, Jihar Zamfara.