Wasiƙa Kan Dashen Furen Cikin Ɗaki: A Kula Da Gaɓa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi bayani kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda masu sha'awar shukar ado ta cikin ɗaki suke tsinkar ganye su tsoma a ruwa, su yi wata da watanni suna jira ba su ga sabon tsiro ba, daga bisani su ce hannunsu ne ba ya karɓar shuka. Sau da yawa hannun ba shi da laifin komai, wurin da aka yanka ne bai dace ba.

Zan yi misali da fotos, shukar nan mai yaɗo da ganye mai siffar zuciya, kore da ratsin rawaya, wadda masana suke kira Epipremnum aureum. Asalinta tsibirin Mo'orea ne a tekun Fasifik, kuma da wuya a ga ta yi fure, saboda haka kusan duk wadda aka gani a tukunya daga jikin wata aka yanko ta. Wanda ya ɗaga reshenta ya duba da kyau zai ga cewa daidai inda sandar ganye ta haɗu da kara akwai ɗan kumburi, a bayansa kuma akwai wani ɗan ƙullutu mai launin ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma har ya fara tsawo. Wannan wuri shi ne gaɓa. Ƙullutun farkon saiwa ne, kuma a hammatar ganyen akwai ido da yake kwance, wanda daga cikinsa ne sabon reshe zai fito. Ganyen da aka tsinke ba tare da gaɓa ba yana iya daɗewa kore shar a cikin kwalba, amma ba zai taɓa zama shuka ba, domin ba shi da idon da zai tsiro. Haka abin yake ga monstera mai manyan ganyaye masu huji, wadda asalinta kudancin Meziko ne da Amurka ta Tsakiya.

Don haka a sami almakashi ko reza mai kaifi, a goge ta da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a yanka kara kimanin santimita 1 zuwa 2 a ƙasan gaɓa. Yanki mai gaɓa ɗaya ko biyu da ganye ɗaya ko biyu ya wadatar. A cire duk ganyen da zai nutse, tunda ganye a ƙarƙashin ruwa ruɓewa yake yi ya ɓata ruwan, a tabbata kuma gaɓar ta shiga ciki sosai. A ajiye kwalbar kusa da taga inda haske yake da yawa amma rana ba ta dukan ganyen kai tsaye. A yanayi mai ɗumi, fararen saiwoyi sukan fara leƙowa cikin mako ɗaya zuwa uku, a lokacin sanyi kuwa sukan yi jinkiri, sai a yi haƙuri.

Akwai batun da nake ganin ya fi ƙarfin ado, shi ne sauya ruwa. Sauron da yake yaɗa zazzaɓin dengi da cutar shawara yana son tsabtataccen ruwa da ya kwanta a ƙananan mazubai na cikin gida, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Ya kamata a zubar da ruwan duk bayan kwana 3 ko 4, a kuma cuɗe cikin kwalbar, saboda ƙwayayen suna manne wa jikinta ne daidai bakin ruwa, kuma ɗauraya kaɗai ba ta fitar da su. Sabon ruwa yana kuma kawo wa saiwa iskar da take buƙata.

Idan saiwoyin sun kai santimita 3 zuwa 5, lokacin dashe ya yi. Ba na goyon bayan a bar su su cika kwalba, domin saiwar da ta saba da ruwa tana wahala ƙwarai idan aka mayar da ita ƙasa a makare. A nemi ƙaramar tukunya mai huji a gindi, a cika ta da ƙasa mai laushi da aka gauraya da yashi da ruɓaɓɓen taki, a haɗa yanki uku ko huɗu wuri ɗaya domin ta cika ta yi kyau. A makonni biyun farko a riƙa barin ƙasar da danshi, bayan haka sai an tura yatsa an ji samanta ya bushe kafin a ƙara ban ruwa. Yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe irin wannan shuka, alamarsa kuwa ita ce ganye ya koma rawaya, gindin kara ya yi baƙi ya yi laushi.

Ina kuma jan hankalin iyaye cewa ruwan jikin fotos da monstera yana ɗauke da sinadarin kalsiyam okzalet, wanda yake sa baki da maƙogwaro zafi da kumburi idan aka tauna ganyen. A ɗora kwalabe da tukwane inda yara da kyanwa ba za su kai ba, a wanke hannu bayan yanka. Ragowar rassan kuma kada a watsar da su a lambu ko bakin rafi, a bari su bushe ƙayau tukuna, domin a wurare masu zafi da damshi irin su Siri Lanka da Hawai, fotos da ta kuɓuce daga gidaje ta hau manyan itatuwa ta lulluɓe su.

Na gode da wannan dama da ka ba ni.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum