Mai sayen ƙulli bai taɓa ganin buhu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka. Ni mai shago ne a unguwar Bilbis, nan cikin garin Tawa a Nijar, shekara goma sha bakwai ke nan ina auna wa mutane shinkafa da mai da madara. Abin da ya sa na ɗauki biro yau, katon uku ne na tumatirin gwangwani da ke jibge a ƙuryar shagona tun watan jiya. Na kasa sayarwa, na kuma kasa zubarwa, don in na kai su juji yara za su tsince, jibi in gan su a tebur bakin tasha.

Wurin wani babban ɗan kasuwa na saro su, da rahusa mai daɗi. Gwangwanin na ɗauke da tuta mai kore da fari da ja, sunansa ma irin na Italiya. Yarona na buɗe katon farko sai ya ce, "Baba, wannan ya kumbura." Na fita da shi rana na karkata gindin, sai ga sawun tsohon kwanan wata, an goge an buga sabo a kai. Can gefe kuma, da ƴan mitsi-mitsin baƙaƙe da sai da na aro tabaran maƙwabcina tela, an rubuta cewa a Sin aka yi shi. Ba ƙin kayan Sin nake ba, ganyen shayin da muke dafawa safe da yamma daga can yake zuwa. Amma in na Sin ne, a faɗa da babbar murya, a bar tutar mutane. Da na koma wa mai kayan, ce mini ya yi shi ma haka ya saro, kuma kaya sun daɗe a hanya.

Daɗewar dai gaskiya ce. Da can ta Kwatano kayanmu ke shigowa, su haye gada zuwa Gaya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe wannan hanya, kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su faɗo Tera, manyan motoci jere cikin rana suna jiran rakiyar sojoji. Daga Yamai zuwa nan kuma akwai sauran kilomita fiye da 500. Gwangwani kenan. Kaji da kifin ƙanƙara fa, sau nawa suke narkewa su sake daskarewa kafin su shiga tukunya? Amma nisan hanya ba shi ke goge kwanan wata ba, hannun mutum ne.

Abin da ya fi ci mini rai ma madara ce, kuma a nan ni kaina ina da laifi. Muna saro ta a buhu mai kilo 25. Da yawa cikin irin wadda ke zuwa daga Turai an tsame man shanunta, tunda ya fi daraja a kasuwarsu, an maye gurbinsa da man itace kamar na kwakwar manja. Ba a ɓoye ba, yana rubuce jikin buhu da Faransanci ko Ingilishi, wasu ma har da gargaɗin kada a ba jarirai. To amma wa ke ganin buhun? Ni ne. Ina farke shi in ƙulla a farar leda, dala ashirin-ashirin. Mai saye farin gari kawai yake gani, babu suna, babu ƙasa, babu kwanan wata.

Akwai wata dattijuwa da ta jera kwanaki tana sayen ƙulli uku kowace safiya. Rannan na ce, "Inna, shayin nan naki ya yi yawa." Ta ce ba shayi ba ne, jikanta take dama wa, uwar ta rasu wajen haihuwa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na ce ta dakata, ta kai shi gidan likita a nuna mata abin da ya dace da shi. Ta tafi tana ganin kamar rowa nake mata. A daren na tuna abin da ya faru a Sin a 2008, da aka zuba sinadarin melamin cikin madarar jarirai, shida suka rasu, kusan dubu 300 suka kamu da ciwo. Can an gano kamfanonin don sunansu na jikin gwangwani. A nan da irin haka za ta faru, Allah ya kiyaye, daga ina za a fara bin sawu? Buhun da madarar ta zo ciki tuni mai gawayi ya saye.

Samari kan nuna mini a WhatsApp wai lambobin da ke ƙarƙashin zane-zanen nan na jikin kaya su ke faɗin ƙasa: 690 Sin, 613 Aljeriya, 615 Najeriya. Amma lambar ƙasar da kamfani ya yi rajista ce, ba gonar da aka noma abin ba. Shinkafa kuwa ko wannan ba ta samu ba. Ta Indiya ce ko ta Tailan ko ta bakin kogin Isa, allura da zare sun isa su sauya mata buhu cikin dare ɗaya.

Mu Adarawa mun san darajar suna. Albasar Galmi da sunanta ake cinikinta a Abijan da Akara, kuma ranmu na ɓaci in aka laƙa wa wata sunan. Kayan Najeriya da ke shigowa ta Illela da Ƙonni, aƙalla mutum kan nemi lambar NAFDAC, hukumarsu mai kula da abinci da magunguna. Mu ma muna da ɗakin binciken LANSPEX da hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya a Yamai. Roƙona shi ne a riƙa ɗibar samfuri daga kasuwannin jihohi, har shaguna irin nawa, a kuma faɗi sakamako a rediyo. Tunda a 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa, a wajabta wa mai shigo da abinci ya liƙa ƙasar da aka yi shi da ranar lalacewarsa da Hausa, boko da ajami, yadda Inna ko almajirin da ta aika zai iya karantawa. Babban ɗan kasuwa kuma ya ba mu takarda mai ɗauke da waɗannan, mu rataya.

Ni dai na daina sayar da buhun madara in ya ƙare. Ina kafe shi da ƙusa a ƙofar shago har sai ƙullinsa na ƙarshe ya fita. Katon ukun nan kuma suna nan yadda suke. In akwai ma'aikacin da aikinsa ne ya zo ya gani, ya tambayi shagon da ke kusa da tela, zan ba shi tabarau.

Na gode, a huta lafiya.

Wani mai shago,
Bilbis, Tawa