Matsalar Intanet a Masaukan Alhazai a Makka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwanmu masu kula da masaukan alhazai a Makka, musamman a unguwar Misfala, inda koke kan rashin intanet yake yawaita duk lokacin aikin Hajji.

Na daɗe ina sana'ar shimfiɗa wayoyin sadarwa a nan, kuma abin da na fi gani shi ne mai masauki ya sayi na'urar Wi-Fi guda ɗaya, ya ajiye ta bayan teburin karɓar baƙi, sannan ya sa ran za ta wadatar da bene mai hawa bakwai. Ba za ta iya ba, domin bangon kankare mai rodi a ciki yana raunana sigina, ga kuma ɗaruruwan alhazai da ke kiran gida a lokaci ɗaya bayan sallar Isha'i. Kowane hawa yana buƙatar na'urorinsa a jikin silin, kowace an ja mata waya zuwa na'urar rarrabawa, kuma kada tsawon wayar ya wuce mita 100. Na'urorin Wi-Fi suna aika sigina a zango daban-daban, kowane zango da tashoshinsa: a zangon 2.4 GHz, tashoshi na 1 da 6 da 11 su ne ba sa shiga juna, shi kuwa zangon 5 GHz ya fi sauri, sai dai bai kai wancan ratsa bango ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora kwamfutar lissafin kuɗi da kyamarorin tsaro a layin intanet ɗaya da wayoyin baƙi. Ya kamata a raba su, a kuma gwada sigina ɗaki bayan ɗaki tun a watan Shawwal.

Naka,
Wani mai karatu daga Makka