Ƙulli uku na aiko miki

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya sanyin Faransa? Mu nan zafin Garwa ya kankama, kin san halinsa, ko ruwan randa sai ya yi ɗumi.

Saƙonki ya iso, Allah ya sauki 'yarmu lafiya. Amma kin ba ni mamaki da kika ce in aiko da yaji don haihuwar, ko wane iri, wai duk yaji yaji ne. Haba Hajiya! Ke da kika tashi a gaban Inna? Ƙulli uku na ba alhajin da zai taho, kuma don Allah kada ki juye su wuri ɗaya.

Babban shi ne yajin jego. Citta ce ta fi yawa, sai kanumfari da masoro da kimba, barkono kaɗan. Ban kai inji ba. Mata na tara a tsakar gida muka daka a turmi, ana atishawa ana guɗa, kamar yadda aka yi mana. Ai amfanin dakan ke nan: yarinya ta ci, ta san akwai hannuwan da suka gaji dominta, ko da tana bayan teku. Ranar suna ki ƙulla kaɗan-kaɗan ki raba wa matan da suka zo barka, har waɗanda ba Hausawa ba. Kanwa kuwa da gangan ban sa ba. Na san tsofaffi za su ce jego ba kunun kanwa ba jego ba ne, amma likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa yawanta na wahalar da zuciyar mai jego, kuma ni a nan ina bayan likitocin.

Na biyu daddawa ce, kuma ba ta kalwa ba, ta batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Mu a gidanmu ba a sa ta, mahaifiyata cewa take warinta ya yi yawa. A gidanku na fara cin ta, cikin miyar kuka da bandar kifi, kuma har yau in na ji ƙamshinta daga wani gida sai in ga Inna zaune bakin murhu, Allah ya jiƙanta. Tun rasuwarta nake ajiye 'yar kaɗan a kwalba. Ba kullum nake taɓawa ba, sai ranar da kewarku ta dame ni. Yara sun gane, da sun ɗanɗana sai su ce yau Mama ta tuna ƙawarta.

Ban ƙi Maggi ba, kada ki ce na zama tsohuwa. A Duwala, nan Kamaru, ake yin sa, kowane kanti akwai, ni ma ina jefa ɗaya. Abin da nake ƙi shi ne a bar masa tukunya shi kaɗai, miyar kowa ta koma iri guda. Da can maigida mai mata biyu ba ya tambayar wa ke da girki, loma ɗaya ta ishe shi: wannan mai tafarnuwa ce, waccan mai son a soya albasar Marwa cikin man shanu har ta yi ja. In kuwa barkono ya wuce misali, to ya san akwai magana.

Ƙaramin ƙullin na maigidanki ne, yajin ƙuli irin na masu kilishi. Nasa ne, kada yara su cinye.

Daddawar ki rufe ta sosai a kwalba saboda maƙwabta. Da an sauka lafiya ki kira ni, ko tsakar dare ne. Mutanen gida duk suna gaishe ku.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Garwa