Arahar ma'aikacin nesa ba ta kai yadda ake zuzutawa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni akanta ne a wani ƙaramin kamfanin ƙera manhajoji, kuma ina so in tofa albarkacin bakina kan ɗaukar ma'aikata daga ƙasashen waje ta intanet.

Ragin kuɗi akwai shi, ba na musu. Ba hayar ofis, ba kuɗin wuta, albashin ma sau da yawa bai kai na ɗan gida ba. Tun annobar korona ta 2020 masu kamfanoni suka ɗanɗana, suka ƙi saki.

Amma ni da ke riƙe da littafin, ina ganin abin da maigida ba ya gani. Kowane wata banki na yankar nasa wajen tura kuɗi, canji kuma ya ci wani. In kana son bin doka kan haraji da fansho na ƙasar ma'aikacin, sai ka biya 'yan tsakiya irin su Deel, kamfanin da ke ɗaukar ma'aikaci da biyansa a madadinka, a kan kowane mutum. Ga bambancin lokaci: misali, tsakanin Landan da Manila, babban birnin Filifin, awa 7 zuwa 8 ne, tambayar da za a amsa cikin minti biyar sai ta kwana. Wannan asarar kuwa ba ta da layi a takardar lissafi.

Naka,
Wani akanta