An Ɗora Wa Kalmar “Shugaba” Kayan Da Ya Fi Ƙarfinta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili domin mu ja hankalin masu fassara labaran ƙetare kan wani abu da ake rainawa, alhali yana iya juya labari baibai. Turanci yana da kalmomi da yawa na kiran wanda ke gaba: leader, ruler, head, chief, president, chairman, chancellor, premier da ire-irensu. Ƙamus yakan jera su wuri ɗaya kamar ’yan ɗaki ɗaya, amma kowace da abin da take faɗa wa mai karatu: ta ina mutumin ya hau kujera, ina ikonsa ya tsaya, kuma da wane ido marubucin yake kallonsa. Idan aka zuba su duka cikin kalmar “shugaba”, mai karatu zai tashi da rabin labari.

Babban wurin tuntuɓe shi ne tsakanin head of state da head of government, wato shugaban ƙasa da shugaban gwamnati. A Amurka mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun, shi ya sa ake zaton ko’ina haka yake. A Birtaniya kuwa Sarki Charles na Uku, wanda ya hau gado a 2022, shi ne shugaban ƙasa, amma gudanar da mulki yana hannun firaminista. A Jamus, Angela Merkel ta yi shekara 16 a kan mulki, daga 2005 zuwa 2021, ba ta taɓa zama shugabar ƙasa ba ko da yini ɗaya. Muƙaminta Chancellor ne, kuma fassararsa “shugabar gwamnati”. Jamus tana da nata President, sai dai yawancin aikinsa sa hannu a dokoki ne da karɓar baƙi. Haka Indiya: Narendra Modi ne ke jan ragamar gwamnati tun 2014, kujerar shugaban ƙasa kuwa ta wani ce dabam. A Suwizalan ma abin ya fi haka, domin ’yan majalisar zartarwa bakwai ne ke mulki tare, kujerar President tana zagayawa a tsakaninsu duk shekara. Saboda haka ganin kalmar president kaɗai ba ya nuna cewa mai ita ne wuƙa da nama. Asalinta a Latin ma “mai zama a gaban taro” take nufi.

Kalma ɗaya kuma takan sauya riga idan ta ƙetare iyaka. Chancellor ɗin da ke jagorantar gwamnati a Jamus, a Birtaniya Chancellor of the Exchequer ministan kuɗi ne. A jami’o’in da ke bin tsarin Birtaniya, Chancellor uban jami’a ne da ake gani ranar yaye ɗalibai, wanda ke zaune a ofis kullum yana gudanar da ita shi ne Vice-Chancellor. Wanda ya fassara wannan da “mataimakin shugaban jami’a” ya rage wa mutum muƙami ba tare da laifi ba. Shugaban jami’a shi ne daidai. Secretary of State a gwamnatin tarayyar Amurka sakataren harkokin waje ne, ba sakataren jiha ba. Governor a Amurka zaɓaɓɓe ne mai ikon zartarwa a jiharsa, amma a Indiya shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, kuma Chief Minister, wato babban ministan jiha, shi ke mulki. Tarayyar Turai kuwa manyan shugabanni uku gare ta da duk ake kira President: na Hukumar Tarayyar, na majalisar shugabannin ƙasashe, da na majalisar dokoki. Duk wanda ya rubuta “shugaban Tarayyar Turai” ya bar mai karatu da tambayar wanne daga ciki.

Sai kalmar leader, wadda ta fi kowace santsi. Sau da yawa ba sunan muƙami ba ce, bayani ce. ’Yan jaridar Turanci suna komawa gare ta ne idan ikon mutum ya wuce sunan kujerarsa, ko kuma ba shi da kujerar kwata-kwata. Deng Xiaoping bai taɓa zama shugaban ƙasar Sin ko firaminista ba, amma shi ke da ta cewa, don haka suka kira shi paramount leader. Gaddafi ya ajiye muƙaman hukuma a 1979, ya ci gaba da juya Libiya har 2011, suna kiransa Libyan leader. A nan “jagora” ce ta dace, domin ita ce ke nuna mai jan hanya ana binsa, ko da takardar naɗi ko babu. Iran ce ta fita dabam: a can Supreme Leader muƙami ne a tsarin mulki, wanda Ayatullah Khomeini ya riƙe har 1989. Sojoji suna ƙarƙashinsa, shi ke naɗa shugaban ɓangaren shari’a, kuma yana sama da shugaban ƙasa da ake zaɓa duk shekara huɗu. Kiran su biyun “shugaban Iran” yana ɓoye wanda ke da maganar ƙarshe.

Ruler kuwa ba ta damu da ko ana bin mutum da son rai ba, iko kawai take nunawa. Shi ya sa ta fi zama a kan sarakuna da sojojin da suka ƙwace mulki, kuma “mai mulki” ce ta fi kusa da ita. Daga nan sai kalmomin da ke ɗauke da hukunci: strongman, autocrat, dictator, tyrant. Nauyinsu ba ɗaya ba ne. Strongman mai riƙe ƙasa ne da ƙarfin tuwo, ko da ana yin zaɓe. Autocrat shi ne wanda ya tattara iko a hannunsa shi kaɗai. Dictator ɗan kama-karya ne da ba doka a kansa, ko da yake a tsohuwar Rum muƙami ne na halal da ake ba mutum na wata shida idan ƙasa ta shiga haɗari. Tyrant kuwa azzalumi ne kai tsaye. Kuskure a nan iri biyu ne. Ko dai a mayar da dictator “shugaba”, a wanke wanda marubucin ya zarga, ko a mayar da ruler “ɗan kama-karya”, a sa wa marubucin maganar da bai faɗa ba. Haka regime take a gefen government: hukuma ɗaya suke nufi, amma ta farkon tana ɗauke da tsargi.

Hausa ba ta rasa kayan aiki ba, mu ne ba ma buɗe rumbun. Rebel leader madugun ’yan tawaye ne. Ringleader da mastermind ba shugabanni ba ne: na farko shi ne kanwa uwar gami da ke gaban masu aika-aika, na biyu shi ya kitsa abin, wataƙila bai ma je wurin ba. Figurehead shugaban jeka-na-yi-ka ne, puppet kuwa ɗan amshin shata, wanda wani ke juya shi daga bayan fage. A kamfani, chairman yana jagorantar zaman hukumar daraktoci, su sa ido su amince da manyan shawarwari, amma chief executive ko managing director shi ke gudanar da aikin yau da kullum. Idan kamfani ya kori ɗaya aka rubuta “an kori shugaban kamfani”, mai hannun jari bai san abin da ya faru ba.

Ƙananan kalmomin da ke manne wa muƙami su ma suna da nasu aikin. Acting muƙaddashi ne da ke riƙe kujerar wani na ɗan lokaci, interim shugaban riƙon ƙwarya ne kafin a yi zaɓe ko naɗi, president-elect mai jiran gado, outgoing mai barin gado, ousted hamɓararre. Wadda ta fi yaudara ita ce impeached. A Amurka tana nufin majalisar wakilai ta tuhumi shugaba, sai majalisar dattawa ta yi shari’ar, kuma ba a cire shi sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun amince. An yi wa Bill Clinton haka a 1998, an yi wa Donald Trump a 2019 da 2021, kuma ba wanda majalisar dattawa ta kama da laifi. Rubuta “an tsige shi” a nan labarin ƙarya ne. “An tuhume shi” ya isa.

Roƙonmu ga teburin fassara shi ne, kafin a zaɓi kalma a duba wace ƙasa ce ko wace ma’aikata, a tabbatar ko kalmar sunan muƙami ce ko ra’ayin marubuci. A ambaton farko a kawo cikakken muƙamin, in da hali a ƙara gajeren bayani kamar “wanda shi ke gudanar da gwamnati”. Kada a sauya kalma a tsakiyar labari don gudun maimaici: wanda aka kira firaminista a sakin layi na farko kada ya koma shugaban ƙasa a na uku. Zai kuma taimaka a rubuta waɗannan muƙamai da fassararsu a takarda ɗaya, a manna ta inda mai fassarar safe da na dare za su riƙa gani.

Wassalam,
Wasu masu aikin fassara da koyar da harshe.