Nikotin da mayar da hankali: abin da gwajin ɓeraye ya nuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Akwai maganar da ke yawo tsakanin ɗalibai cewa masana sun tabbatar taba na buɗe kai wajen karatu. Maganar tana da tushe, amma rabinta aka ɗauko, don haka muka ga ya dace masu karanta jaridarku su ji yadda ake gwajin.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani sinadari mai suna asetilkolin. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yakan hau kan makarɓan asetilkolin, wato wuraren da ke karɓar saƙonsa a jikin ƙwayoyin, musamman nau'in alfa4-beta2 da alfa7. Don auna tasirinsa, ana amfani da akwatin da Trevor Robbins da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Kambirij a 1983. Jikin bangon akwatin akwai ramuka biyar. Fitila takan haska cikin rami ɗaya na rabin daƙiƙa. Idan ɓera ya cusa hanci a ramin da ya dace, sai ya samu ƙwayar abinci mai nauyin miligiram 45. Idan ya kuskure, ko ya ƙi motsi, ko ya yi azarɓaɓi kafin hasken ya fito, sai a bar shi cikin duhu daƙiƙa biyar. Zama ɗaya zagaye 100 ne ko minti 30, kuma ana rage masa abinci har nauyinsa ya sauka zuwa kashi 85 ko 90 cikin ɗari, don ya damu da ladan.

A 1998 Ian Stolerman a Landan ya nuna cewa ƙaramar allurar nikotin tana ƙara wa ɓera dacewa da rami. Amma ƙarin kaɗan ne, ya fi fitowa idan an tsananta gwajin, kuma yakan zo da yawan azarɓaɓi. Da an wuce awon da ya dace, wanda bai kai rabin miligiram a kowane kilo na nauyin jikinsa ba, ɓera yakan kasala ya bar aikin. Nan ne masu bincike kan yi tuntuɓe: hodar gishirin nikotin da ake saya kusan kashi 35 ne kawai nikotin zalla, wanda bai lissafa wannan ba ya ɓata awonsa. Haka kuma jikin ƙaramin nau'in ɓera yana ƙone rabin nikotin cikin 'yan mintuna, na mutum kuwa sai kusan awa biyu, don haka ba a kwafo awo daga dabba a ɗora wa mutum.

A 2011 masu bincike a Amstadam sun nuna cewa ɓerayen da aka cire wa ɓangaren beta2 na makarɓan suna yawan barin haske ya wuce su, kuma da aka mayar da shi a sashen gaban ƙwaƙwalwa sai hankalinsu ya dawo. Waɗannan ɓeraye ba a ba su nikotin ba. Makarɓan suna aiki ne da asetilkolin na jiki.

Abin da ya fi damun mu shi ne wani binciken na Amstadam a 2011 ɗin. An ba ɓeraye nikotin kwana goma a lokacin tashen balaga, aka daina, aka jira makonni biyar. Sun girma da raunin mayar da hankali da yawan gaggawa. Waɗanda aka ba bayan sun girma ba su nuna haka ba. Ɓeran da ya saba da nikotin kuma, da an janye masa, aikinsa yakan lalace, don haka nutsuwar da mashayi ke ji bayan zuƙa sau da yawa giɓin da tabar ta haifar ne take cikewa.

Dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Muna roƙon hukumomi su aiwatar da ita a teburan da ke bakin makarantu.

Naku,
Wasu malaman ilimin haɗa magunguna, Zariya